Hayaƙin Salansa: Yadda Ake Gano Ciwon Inji Kafin a Kwance Shi

Duk wanda ya saba tsayawa cikin cunkoson ababen hawa a shataletalen Suame da safe, ko a hanyar da ta tashi daga Kejetia ta nufi Tafo da yamma, ya san cewa hayaƙin da motocin Kumasi ke fitarwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai trotro da ke turnuƙe hanya da baƙin hayaƙi duk lokacin da direba ya taka totur, akwai tasi mai sakin siririn hayaƙi shuɗi-shuɗi tana tsaye, akwai kuma motar gida da ke busa fari mai kauri. Masu motocin nan galibi ba sa ɗaukar abin da muhimmanci sai lokacin sabunta takardar lafiyar mota a ofishin DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci ta Ghana, ya ƙarato, ko kuma baƙin mai ya fara ƙarewa tun lokacin juye bai yi ba. A nan ne ake garzayawa Magazin, unguwar kanikawa da masu sayar da kayan mota da ke Suame, kuma hukuncin da mai mota ya fi ji shi ne cewa inji ya gaji, sai dai a kwance shi, ko a nemo wani daga cikin injinan da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Wani lokaci hukuncin daidai ne. Sau da yawa kuwa an yanke shi ne da kallon launin hayaƙi kawai, alhali launi farkon bincike ne. Wanda ke son sanin ciwon injinsa sai ya haɗa launin da lokacin da hayaƙin ke fitowa, da warin da yake da shi, da kuma ruwan da ke raguwa a jikin motar.

Dalilin haka yana cikin yadda inji yake aiki. Injin fetur mai lafiya yana cakuɗa iska da mai a kan ma'auni sananne, wato kilo 14.7 na iska ga kowane kilo 1 na fetur, kuma idan ƙonewar ta kammala, abin da ke fita ta salansa ido ba ya ganinsa. Ban da man da ake ƙonawa, akwai ruwa iri biyu da ke zagayawa cikin inji waɗanda bai kamata su kusanci wutar silinda ba, su ne baƙin mai, mai hana ƙarafa cin juna, da ruwan lagireto, mai kwashe zafi. Abin da ya raba su da wutar shinge ne siriri: gasket da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, zobban fistin da kanikawa ke kira ringi, da 'yan robobin da ke rungume da wuyan bawul. Saboda haka duk hayaƙin da ido ya gani yana nufin ko ruwa ya shiga inda wuta take, ko baƙin mai ya shiga, ko kuma man da ake ƙonawa ya fi ƙarfin iskar da ya samu. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne ne, sannan ya gano ta wace ƙofa ya bi, domin ƙofofin ba farashinsu ɗaya ba. Wata ana toshe ta da abin da bai kai kuɗin cika tanki ba, wata kuwa sai an sauke inji ƙasa.

Farin hayaƙi shi ne wanda ya fi tayar wa mutane hankali ba gaira ba dalili. Ƙona fetur shi kansa yana haifar da ruwa, kusan lita guda daga kowace litar fetur, kuma ruwan yana fita ne a matsayin tururi. Da asuba, musamman a sanyin hunturu na Disamba da Janairu ko bayan an kwana ana ruwan sama, salansa tana da sanyi, sai tururin ya bayyana fari, har a ga ruwa yana ɗiga daga bakin bututun. Irin wannan siriri ne, yana bajewa cikin iska nan take, kuma yana ɗaukewa da zarar inji ya ɗauki zafi. Babu abin gyara a nan.

Abin damuwa shi ne fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan an yi tafiya mai nisa, kuma ruwan lagireto yana raguwa alhali ba a ga inda yake zuba a ƙasa ba. Littattafan gyaran mota na ƙasashen sanyi sukan ce a shinshina hayaƙin, idan yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi to ruwan sanyaya inji ne ke ƙonewa. Wannan alamar tana aiki ne kawai ga motar da ake zuba wa sinadarin sanyaya inji na ainihi. Mu a nan direbobi da yawa ruwan famfo ko ruwan leda suke ɗura wa lagireto, don haka gasket zai iya ƙonewa ba tare da an ji wani ƙamshi ba, kuma wannan ɗabi'ar tana cikin abubuwan da ke jawo matsalar tun farko, domin ruwa zalla yana kawo tsatsa da ke toshe 'yan hanyoyin lagireto. Idan lagireto ya toshe, ko fanka ta daina juyawa cikin cunkoso, ko murfin lagireto ya daina riƙe matsi, inji yana yin zafin da ya wuce kima. Kan injin yawancin motocin zamani na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, kuma da ya lanƙwashe ko da kaɗan ne, gasket ya rasa abin da zai manne wa.

Ana iya tabbatar da wannan ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba. Da safe, inji yana da sanyi, a buɗe murfin lagireto, a cika ruwa, a tayar da mota a zuba ido. Idan kumfa tana ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, iskar silinda ce ke kutsawa cikin ruwa. Haka nan idan tiyon sama na lagireto ya ƙame ya yi tauri 'yan mintoci bayan tayar da inji mai sanyi. A zaro sandar gwajin baƙin mai a duba, idan man ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya riga ya gauraya da shi. Sai dai a yi hattara da 'yar farar kumfar da ake samu a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai, domin motar da ba ta wuce 'yar gajeriyar tafiya, a ce daga Asawase zuwa Adum kullum, tana iya tara irin wannan danshin ba tare da gasket ya taɓu ba. Filogi ma yana ba da shaida: idan aka kwance su duka aka tarar ɗaya ya fi sauran tsafta, tas kamar sabo, tururi ne ya wanke shi, kuma silindarsa ce ruwa ke shiga. Akwai kuma wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto cikin 'yar kwalba, wanda ke komawa rawaya idan hayaƙin injin fetur yana cikin ruwan. Duk abin da za a yi, kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, saboda ruwan da ke cikin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma da an saki murfin zai feso a fuska.

Idan an tabbatar gasket ne, sauya shi kaɗai bai isa ba. Wajibi ne a kai kan injin wurin masu injin gogewa, waɗanda ba a rasa su a Magazin, a auna shimfiɗarsa, a duba ko ya tsage, sannan a gyara abin da ya sa inji ya yi zafi. Wanda ya tsallake waɗannan zai sake biyan kuɗin aiki ɗaya sau biyu. Ci gaba da tuƙa motar a haka kuwa haɗari ne, domin ruwa ba ya matsuwa, idan ya taru a silinda cikin dare aka murza makulli da safe, yana iya lanƙwasa hannun fistin.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ko toka-toka, mai ƙaurin ƙonannen mai, shi ne inda aka fi yi wa masu mota asara, kuma a nan ne ya kamata a fi nutsuwa. Kowa ya san baƙin mai ne ke ƙonewa. Abin da ake gaggawar yankewa shi ne cewa ringi ne, alhali akwai hanyoyi da dama da mai ke bi ya isa wuta, kuma lokacin fitar hayaƙin ne ke bambanta su.

Na ga yadda wani dattijon bakanike a Magazin ya karɓi irin wannan ƙorafi daga wani mai mota ɗan Aboabo, wanda aka riga aka gaya masa a wani wuri cewa sai an sauya ringi. Dattijon bai ɗauki sifana ba. Ya ce, "Alhaji, hayaƙin nan da safe yake yi, ko sai kana hawa tudu?" Mai motar ya ce, "Wallahi Masta, ban lura ba, yara ne suka ce tana hayaƙi." Sai ya sa yaronsa ya tayar da motar, ya kara farar takarda kusa da bakin salansa, ya duba ɗigon da ya manne mata, ya murza da yatsa ya ji maiƙo. Ya buɗe murfin zuba mai inji yana aiki, ya ɗora tafin hannunsa a kan ramin don ya ji ko iska tana bugowa da ƙarfi, bai ji wani abin kirki ba. Daga nan ya zaro wani ɗan bawul da ke kan murfin inji, ya girgiza shi kusa da kunnensa, bai ji ƙarar komai ba, ga tiyonsa jiƙe da mai. Aka sauya shi, hayaƙin ya ragu ƙwarai, ko da yake bai ɗauke duka ba, kuma ya gaya wa mai motar gaskiya cewa robobin bawul ma sun bushe, za su buƙaci aiki nan gaba.

Wannan ɗan bawul shi ne PCV. A kowane inji, wani ɓangare na iskar ƙonewa yana zamewa ta gefen fistin ya sauka inda baƙin mai yake, kuma aikin bawul ɗin shi ne ya mayar da wannan iskar cikin inji a sake ƙona ta. Idan ya toshe, matsi yana taruwa ya tura mai ta kowace kafa, idan kuma ya maƙale a buɗe, inji yana zuƙar mai ta cikinsa kai tsaye. Yana cikin mafi arhar kayan inji, kuma a ganina duk bakaniken da ya ce a kwance inji bai duba shi ba, bai yi wa mai mota adalci ba. Kafin shi ma akwai abin da ya fi sauƙi: a duba ko an cika baƙin mai ya wuce layin sama na sandar gwaji, domin yaran gareji sukan juye galan sukutum a injin da bai buƙaci hakan ba.

Robobin wuyan bawul suna da tasu alamar da ba ta ɓuya. Idan sun tsufa sun bushe, mai yana tsiyaya ta wuyan bawul cikin dare ya taru, sai a ga gajimaren shuɗin hayaƙi a tayarwar farko da safe, ya ɗauke bayan ɗan lokaci. Haka yake yi idan mota ta daɗe tsaye a cunkoso inji yana aiki sannan aka tashi. Dalili shi ne idan totur yana rufe, inji yana zuƙa da ƙarfi ta ɓangaren shigar iska, sai ya jawo mai ta robar da ta saki. Mai son ya gwada sai ya gangaro daga tudu mai tsawo, irin gangaren Mampong ko na dutsen Kwahu zuwa Nkawkaw, mota tana cikin giya ƙafarsa ba ta kan totur, idan ya iso ƙasa ya taka, wani yana biye da shi yana kallo. Idan hayaƙi ya fashe sau ɗaya sannan ya lafa, robobi ne. A injina da yawa ana iya sauya su ba tare da an cire kan inji ba, ta hanyar riƙe bawul da matsin iska a cikin silinda.

Ringi kuwa akasin haka yake. Hayaƙinsa yana ƙaruwa ne idan inji yana shan wahala, a hawan tudu, ko da lodi, ko an taka totur da ƙarfi, kuma ba ya ɗaukewa don inji ya yi zafi. Mota tana rasa ƙarfi, iska mai hayaƙi tana bugowa ta ramin zuba mai, filogi yana yin baƙi da maiƙo. Gwajin da ke raba gardama shi ne auna matsin kowace silinda da agogon gwaji. Silindodin inji mai lafiya ba sa bambanta da juna fiye da kusan kashi 10 cikin 100. Idan aka sami wadda ta yi ƙasa, sai a zuba mata baƙin mai kimanin ƙaramin cokali ta ramin filogi a sake aunawa. Idan matsin ya tashi, man ne ya toshe giɓin da ke gefen fistin na ɗan lokaci, wato ringi ko bangon silinda ya cinye. Idan bai motsa ba, iska ta bawul ko gasket take zurarewa. Wannan dabarar zuba mai ta injin fetur ce, ba a yin ta a injin dizal, domin man zai iya kama wuta da matsi kaɗai. Akwai kuma wani tarko: zoben ƙasa, mai share mai daga bangon silinda, yana iya maƙalewa da dattin ƙonannen mai alhali zobban sama suna riƙe matsi lafiya, sai agogo ya nuna komai daidai amma mota tana shan mai. Jinkirta juye da amfani da jabun mai su ne suka fi jawo wannan. Wani lokaci kuma daga ƙira ne, kamar injin Toyota mai lita 2.4 da ake kira 2AZ-FE, wanda ke cikin Camry na shekarun 2007 zuwa 2009, wanda kamfanin da kansa ya amince yana shan mai ta fistin da zobbansa. Irin waɗannan motocin suna da yawa a titunanmu, kuma sanin tarihin inji yana rage lalube.

Abin da ke cinye ringi a ƙasar nan, fiye da tsufa, shi ne ƙura. Jar ƙasar hanyoyin da ba kwalta da ƙurar hunturu, idan suka sami matatar iska da ta yage ko akwatinta bai rufu da kyau ba, suna shiga silinda su riƙa goge bangonta. Al'adar hura matatar da iska mai ƙarfi a wurin masu faci tana iya fasa takardarta ba a sani ba.

Motar da ke da turbo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, tana da ƙarin ƙofa. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, tana iyo a kan baƙin mai, kuma idan ta yi sako-sako mai yana zubowa ko ta ɓangaren iska ko ta ɓangaren salansa. A cire babban tiyon da ya fito daga turbo a duba, ɗan danshin mai ba komai ba ne, amma idan mai ya kwanta a ciki akwai magana. A injin dizal wannan yana iya kaiwa ga abin tsoro, inda inji zai fara cin baƙin mansa a madadin dizal, ya ɗauki gudu shi kaɗai da hayaƙi mai yawa, a kashe makulli ya ƙi mutuwa. Abin da ke tsayar da shi shi ne a toshe masa hanyar iska da abu mai tauri, kada a sa hannu, ko a saka babbar giya a danne birki a saki kuloci idan motar mai giyar hannu ce.

Ya kamata a faɗi wani abu game da maganin da aka fi bayarwa, wato zuba mai mai kauri. Injin da aka ƙera don mai marar kauri irin 5W-30 ko 0W-20, idan aka ɗura masa mai kauri irin 20W-50 ko SAE 40, hayaƙi zai ragu, gaskiya ne, saboda man yana wuyar bi ta giɓi. Amma haka yake wuyar bi ta 'yan siraran hanyoyin da aka yi masa, musamman a tayarwar safe, kuma injinan zamani suna dogara da matsin mai wajen sarrafa lokacin buɗe bawul. An ɓoye alama, ciwon yana nan, an kuma ƙara wani. Man da ke ƙonewa yana kuma lalata matatar hayaƙi da ke cikin salansa da sensar da ke auna iskar oksijin, sai matsala ɗaya ta haifi ta biyu.

Baƙin hayaƙi a motar fetur yana nufin fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Yana zuwa da warin ɗanyen fetur, da shan mai, da filogi mai busasshiyar kunkunniya. A tsoffin motoci masu kafireto ana duba ko cok, mai rage iska a tayarwar safe, ya maƙale, ko fulot, mai tsayar da shigar fetur, ya daina rufewa. A na zamani kwamfutar mota ce ke yanke yawan man da za a fesa, bisa abin da sensoci suka gaya mata, don haka idan sensar auna iska ta yi datti, ko ta oksijin ta mutu, ko nozul mai fesa man yana ɗiga, za ta fesa fiye da kima. Wani sanadi da muke jawo wa kanmu shi ne cire tamostat. Kanikawa da yawa suna cire shi da hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne, alhali aikinsa shi ne ya tsayar da inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80 zuwa 90. Idan babu shi inji yana daɗewa bai kai wannan zafin ba, kwamfuta tana ɗauka har yanzu safiya ce, tana ta ƙara fetur, fetur ɗin da ya yi rara kuma yana wanke mai daga bangon silinda. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da mahaɗar gwaji ta OBD-II, na Turai masu fetur kuma tun 2001, don haka na'urar karanta lambobi tana taimakawa. Lambar P0172, misali, tana cewa mai ya yi yawa a cakuɗen. Sai dai lamba tana nuna inda za a duba ne, ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba, kuma sau da yawa waya ce ta tsinke ko matatar iska ta toshe.

Injin dizal, wanda shi ne ke cikin yawancin Sprinter da sauran motocin trotro da manyan motocin da ke bin hanyar Techiman zuwa Tamale, yana da nasa hukuncin. Shi yana aiki ne da rarar iska, ana ƙara masa ƙarfi da ƙara mai, don haka da zarar man ya fi iskar sai kunkunniya. Ɗan baƙin hayaƙi a tsohon inji idan an taka da ƙarfi ba abin mamaki ba ne. Wanda ke bin mota duk tsawon hanya kuwa yana da dalili: matatar iska ta toshe, ko tiyon turbo ya tsage iska tana zurarewa da ƙara mai kama da shewa, ko bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin inji ya maƙale a buɗe, ko nozul ya cinye yana zubar da mai maimakon ya fesa shi. Sai kuma lodin da ya wuce kima, da murɗa famfon dizal don mota ta ƙara ƙarfi, wanda abin da yake ƙarawa shi ne shan mai da zafi. Ingancin mai ma yana da hannu. A 2017 Ghana ta rage adadin sinadarin sulfa da aka yarda da shi a man da ake shigowa da shi daga kashi 3,000 cikin miliyan zuwa 50, wanda ya taimaki injinan zamani, amma dizal da aka gauraya da kananzir ko wanda ruwa ya shiga yana kashe famfo da nozul, domin dizal ɗin ne ke shafa musu maiƙo. Ƙananan motocin dizal da aka ƙera wa Turai bisa ƙa'idar Euro 5, wadda ta fara aiki a 2009, suna zuwa da matatar kunkunniya a salansa, saboda haka idan irin wannan motar tana baƙin hayaƙi, an cire matatar ko ta fashe. Masu gwada nozul kuma su kiyaye, matsin man a injinan zamani yana kaiwa 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi na bar, wanda ya isa ya huda fata.

Farin hayaƙin dizal shi ma yana ruɗa mutane, domin ba kullum ruwa ba ne. Dizal da aka fesa bai kama wuta ba yana fitowa fari, yana da warin ɗanyen mai, yana yaji a ido, kuma yana rataye cikin iska maimakon ya baje kamar tururi. Idan da safe kaɗai yake yi tare da wahalar tashi da karkarwa, a fara da hita, wato filogin ɗumama silinda. Idan yana ci gaba bayan inji ya yi zafi, a duba lokacin fesa mai, da nozul, da matsin silinda. A wasu injinan kuma na'urar sanyaya hayaƙin EGR ce ke tsagewa ta zubar da ruwan lagireto, sai a ɗora wa gasket laifin da ba nasa ba.

Maganar ba ta tsaya ga aljihun mai mota ba. A watan Yunin 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ga ɗan adam, musamman ta huhu. Waɗanda suka fi shaƙarsa su ne yaran mota, da mata masu talla a bakin titi, da almajiran gareji da ke durƙushe a bayan salansa suna jiran Masta ya taka totur. Mafi haɗarin abin da ke fita ta salansa kuma, iskar kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, don haka duk gwajin da aka ambata a sarari ake yin sa, ba a cikin rufaffen shago ba.

Mai shirin sayen mota ta hannu, a Kumasi ne ko a Accra, shi ya fi kowa buƙatar wannan sanin, saboda mafi yawan alamomin suna bayyana ne a tayarwar farko, kuma mai sayarwa da ya san halin motarsa yakan ɗumama ta kafin mai saye ya iso. A je da sassafe, a taɓa inji a tabbatar yana da sanyi, a duba ruwa da baƙin mai kafin a murza makulli, a sa yatsa cikin bakin salansa a ga ko busasshiyar kunkunniya ce ko maiƙo. Mutum ɗaya ya tayar, ɗaya ya tsaya a baya ta gefe yana kallo. A bar inji ya yi aiki a tsaye na kimanin minti 10, a taka totur sau ɗaya a ga abin da zai fito, sannan a hau tudu da ita wani yana biye a baya. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a ga motar da sanyinta, a nemi wata.